Gadon Sarauta ko Hadaya: Abin da Ya Raba Kan Masu Karanta Littafin Farko na N. K. Jemisin

A shekarar 2018 marubuciyar nan 'yar Amurka N. K. Jemisin ta lashe kyautar Hugo ta gwarzon ƙagaggen littafi karo na uku a jere, abin da babu marubucin da ya taɓa yi kafin ita. Tun daga lokacin masu karatu ke waiwaye suna neman littafinta na farko, The Hundred Thousand Kingdoms, wato Masarautu 100,000, wanda kamfanin Orbit ya buga a 2010. Da yawa kan rufe shi kansu a ɗaure. Wasu na cewa da wuya a samu labarin da ya tona asirin mulki da bauta kamarsa. Wasu kuwa gani suke an yi musu rufa-rufa: bangon littafi ya yi musu alkawarin rikicin gadon sarauta, da suka shiga sai suka tarar da soyayya tsakanin wata budurwa da abin bauta. Kowane ɓangare yana da shafin da zai buɗe ya kafa hujja da shi.

Ba a iya warware wannan saɓani sai an faɗi yadda labarin ya ƙare. Mai niyyar karanta littafin ya san da haka kafin ya ci gaba.

## Duniyar da labarin yake ciki

Littafin ƙagaggen labarin al'ajabi ne, irin wanda marubuci ke gina duniya sukutum daga kansa, da ƙasashenta da tarihinta da addininta. Allolin da ke ciki marubuciyar ce ta ƙago su, ba na wata al'umma ba ne, kuma halinsu ya fi kusa da na allolin tatsuniyoyin tsohuwar Girka: suna kishi, suna ƙarya, suna haihuwa, sai dai su ana iya kashe su.

Manyansu uku ne, 'yan'uwan juna. Nahadoth ne na fari, shi ke da dare da hargitsi da sauyi. Itempas na bi masa, shi ke da rana da tsari da doka. Enefa ce auta, tata ce almuru da ketowar alfijir, ita ta samar da rayuwa da mutuwa. Kimanin shekara 2,000 kafin labarin ya fara, kishi ya sa Itempas ya kashe Enefa, aka gwabza yaƙi, ya yi galaba. Hukuncin da ya yanke wa waɗanda suka ja da shi, a kansa aka gina littafin gaba ɗaya. Ya ɗaure Nahadoth da ƙananan alloli uku cikin jiki irin na ɗan Adam, ya damƙa su bayi a hannun zuriyar Shahar Arameri, babbar mai yi masa hidima. Ƙananan su ne Sieh, mai siffar yaro da halin tsokana ko da yake ya girmi duniyar kanta, da Zhakkarn ta yaƙi, da Kurue ta hikima. Su huɗun ake kira Enefadeh.

Da waɗannan bayi gidan Arameri ya danne duniya. A takarda, majalisar manyan ƙasashe ce ke yanke hukunci, shi kuwa shugaban gidan, tsoho Dekarta, mai ba da shawara ne kawai, ko kambin sarauta ba ya sawa. A zahiri babu mai tari in bai yarda ba. Fadarsu, Sky, tana ɗare bisa wani siririn ginshiƙi can sama da birni.

Dokoki biyu ke tafiyar da fadar, kuma wanda bai riƙe su ba zai ɓata a hanya. Ta farko, kowa da ke zaune a Sky jinin Arameri ne, har mai shara da mai wanke-wanke, kuma kowa yana da tambari a goshi da ke nuna nisan jininsa ko kusancinsa da tsatson gidan. Marar tambari ba ya kwana a fadar, domin da rana ta faɗi Nahadoth ke dawowa cikin ƙarfinsa. Ta biyu, duk maganar da mai cikakken jini ya furta da sigar umarni, dole bawan ya aiwatar da ita yadda aka faɗe ta, kalma bayan kalma. Bawan da ya ƙi jinin ubangidansa ba abin da yake jira sai suɓutar baki. Littafin ya ba da labarin wata nahiya guda, Maroland, da ta halaka ƙurmus saboda an saki Nahadoth a fagen yaƙi ba a iyakance masa umarni ba.

Mai karatun da ya san tarihin fadar Kano zai tuna da manyan bayin sarki na ƙarni na 19, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda ƙarfin sarki ya dogara da su har ta kai ba a raina maganarsu. Kamannin sun tsaya nan. Waɗancan suna da rabo a cikin mulkin, dorewarsa ribarsu ce. Enefadeh ba su da rabon komai, rushewar gidan kawai suke ƙirga wa kwanaki.

## Yadda ake gadon, da abin da aka ɓoye wa Yeine

Mai ba da labarin ita ce Yeine, 'yar shekara 19, shugabar Darr, wata ƙaramar ƙasa matalauciya a can arewa inda mata ke mulki da yaƙi. Mahaifiyarta Kinneth 'yar Dekarta ce tilo kuma magajiyarsa, amma ta yi watsi da gadon ta auri mutumin Darr, aka yafe ta. Bayan Kinneth ta mutu ta hanyar da ke nuna guba aka ba ta, sai Dekarta ya kira jikar tasa Sky ya naɗa ta magajiya. Matsalar ita ce akwai magada biyu tun da farko, tagwaye 'ya'yan ɗan'uwansa: Scimina, muguwa mai lissafi, da Relad, wanda ya miƙa wuya ga giya.

Har zuwa nan mai karatu yana ganin ya gane inda aka dosa. Baƙuwa daga ƙauye za ta koyi makircin fada, ta tara magoya baya, ta kayar da 'yan birni. Amma ba a kira Yeine don ta yi takara ba. A gidan Arameri mulki ba ya sauka daga shugaba zuwa magaji sai ta hanyar wani dutse, wanda shi ne ɗan abin da ya saura na jikin Enefa. Dole wani mai jinin gidan ya ɗauki dutsen ya miƙa ikon ga magajin, kuma duk ɗan Adam da ya riƙe shi mutuwa zai yi. Bisa al'ada, magajin ne ke ba da wanda yake ƙauna don a tabbatar da taurin zuciyarsa. Shi kansa Dekarta matarsa ya bayar, uwar Kinneth, kuma daga nan ƙiyayyar 'yar da uban ta samo tushe. A wannan karon Yeine ce aka tanada. Iyakar ikonta shi ne ta zaɓi wanda za ta miƙa wa cikin tagwayen, shi ya sa Scimina ta zuga maƙwabtan Darr su ɗaura mata yaƙi, don ta tilasta mata.

Su ma bayin da nasu shirin. Tun Yeine tana ciki suka dasa ruhin Enefa a jikinta, da yardar uwarta, don haka rai biyu take ɗauke da su. Suna so in ta riƙe dutsen ta yi amfani da wannan ɗan lokacin ta 'yanta su. Kowa a fadar, mutum da abin bauta, mutuwarta yake buƙata. Dukan abin kuma cikin kusan mako biyu ya faru.

## Masu cewa siyasar ba ta cika ba

Wannan shi ne ƙorafin da aka fi ji, kuma yana da tushe. Sunan littafin ya ambaci masarautu 100,000, amma labarin da ƙyar yake fita daga fada guda. An ba Yeine wasu ƙasashe ta kula da su, ta ɗan taɓa lamarin ciniki da takunkumin da aka ƙaƙaba wa Darr, sai zancen ya lafa. Majalisar ƙasashe ta bayyana a farko, daga nan ta koma gefe. Relad bai samu fili ba sai can wajen ƙarshe, ita kuwa Scimina muguntarta a fili take tun ganin farko, ba ta da wata fuska ta biyu da za ta sa mai karatu ya yi shakka. Wanda ya saba da manyan littattafan al'ajabi masu taswira a shafin farko, da rundunoni, da ƙulle-ƙullen da ke ɗaukar shafi 800, zai ga wannan mai shafi kimanin 400 kamar an taƙaita masa.

Masu kare littafin ba su musa wannan ba, fassararsa suka canza. A ganinsu makirci na buƙatar abokan hamayya masu ƙarfi kusan ɗaya, kowa yana tsoron kowa. Gidan da ke riƙe da alloli a mari ba shi da wanda zai yi wa dabara, umarni kawai yake bayarwa. Rashin siyasar shi ne bayanin irin mulkin. Suna kafa hujja da wurin da Yeine ta je ƙasar Menchey don hana yaƙi: ba ta da abin ciniki, sai ta tafi da Nahadoth, ya mai da wasu mutane baƙin lu'ulu'u suna ji suna gani. A ranar da ta sami abin da take so, hanyar kakanta ta bi, kuma ta san da haka.

Idan aka auna, ƙorafin ya fi dacewa da yadda aka tallata littafin fiye da yadda aka rubuta shi. Sai dai raunin Scimina da Relad ba laifin talla ba ne, yana cikin rubutun.

## Shin Yeine tana da ta cewa a labarinta?

Daga wancan ƙorafin wannan ya fito. An gabatar da Yeine a matsayin jaruma, shugabar mayaƙa, amma yawancin littafin tana yawo ne ɗaki zuwa ɗaki tana tambayar wa ya kashe mahaifiyarta, ana ba ta amsa guntu-guntu. Shirin 'yanta alloli ba nata ba ne, an ƙulla shi kafin a haife ta. A ranar bikin miƙa mulkin ma ba ta kai ga aiwatar da shi ba, Viraine, masanin sihirin fadar wanda Itempas ya ɓuya a jikinsa, ya soke ta. Ta mutu kusa da dutsen, ta tashi a matsayin sabuwar allahiya a gurbin Enefa. Masu suka na ganin nasara ce ta faɗo mata daga sama.

Ɗaya ɓangaren na cewa a duba abin da ta yi da ɗan filin da ta samu. Ta sa sharaɗi kafin ta yarda da mutuwarta, cewa a kare Darr. Ta ƙi ɗaukar bayin a matsayin makami kawai, abin da babu wani ɗan gidan da ya yi. Ta bi diddigin mutuwar uwarta har ta gano cewa ita da Dekarta kowanne zargin ɗayan yake yi, kuma duka biyun sun yi kuskure. Da iko ya zo hannunta, ba ta kashe Itempas ba duk da Nahadoth ya so haka. Hukuncinsa shi ne ya rayu cikin mutane a matsayin mutum, ba suna ba iko, har ya gyara ɓarnarsa. Kujerar gidan kuma T'vril ne ya hau, mai kula da hidimar fada, wanda rabin jini ne kuma da ba ya cikin lissafi.

Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ita ce me ake nema a wurin jarumin labari, ya juya al'amura da hannunsa ko ya nuna halinsa a inda aka ƙure shi. Littafin na biyun ya zaɓa.

## Soyayyar da ta fi komai jawo magana

Babu abin da ya raba masu karatu kamar alaƙar Yeine da Nahadoth. Ga masu son labarin soyayya, nan ne zuciyar littafin. Ga wasu kuwa tsohuwar dabara ce da aka gaji da ita, ta budurwa da ke faɗawa hannun namiji mai haɗari tana fatan ita ce za ta sanyaya shi. Wurin da suka sadu, wanda aka siffanta da taurari da faɗin sararin samaniya, wasu na yaba shi, wasu dariya yake ba su.

Akwai tambaya mafi nauyi da masu nazari ke yi, wato ta yarda. Ta fuska ɗaya Nahadoth ya fi ƙarfin Yeine nesa ba kusa ba, yana iya kashe ta ko ba da niyya ba. Ta ɗaya fuskar ita ce uwargijiya, maganarta umarni ce a kansa. Kuma bai tabbata ba ko ita yake so ko 'yar'uwarsa da ke cikinta. Littafin bai kauce wa wannan ba, don ya nuna yadda Scimina ke riƙe da siffar Nahadoth ta rana, wani mutum da ake kira Naha, da sarƙa a wuya tana yin abin da ta ga dama da shi. Masu yabo na cewa an ajiye alaƙun biyu kusa da juna ne da gangan don mai karatu ya kwatanta. Masu suka na cewa an tayar da tambayar, sannan aka bar zafin soyayya ya rufe ta.

Sieh ne kaɗai kusan kowa ya yarda da shi. Yaro ne mai wasa da duniyoyin da ya sato kamar ƙwallo, mai neman a rungume shi, kuma tsohon makashi. Shi ke ba da labari a littafi na uku na wannan jerin.

## Salon da ke katsewa

Yeine ba ta ba da labarin a miƙe. Takan fara, ta tsaya, ta ce ta manta wani abu, ta koma baya, wani lokaci kuma a ji tana gardama da wata muryar da ba a gabatar ba. Masu ajiye littafin tun a babobin farko galibi nan suke tuntuɓe, suna ɗaukar abin a matsayin rashin ƙwarewar sabuwar marubuciya. Dalilin yana bayyana daga baya: labarin ana ba da shi ne a tsakanin mutuwarta da tashinta, lokacin da ranta da na Enefa ke cakuɗe tana ƙoƙarin tuna ko ita wace ce. Shi ya sa waɗanda suka maimaita karatu kan fi waɗanda suka karanta sau ɗaya yabonsa. Ko dabarar da sai a karatu na biyu take biya ta yi nasara, wannan ma ba a daidaita a kai ba.

## Launin fata da wurin ajiye littafi

Littafin ya fito ne jim kaɗan bayan doguwar muhawarar da aka yi a intanet a 2009 kan wariyar launi a adabin al'ajabi na Turanci. Jemisin baƙar fata ce, jarumarta kuma ruwa biyu ce, uwa daga farare masu mulki, uba daga mutanen da ake kira 'yan daji. Da yawa sun karanta shi a matsayin sharhi kan mulkin mallaka da bautar da aka yi a Amurka: zaman lafiyar da aka kafa da ƙarfi, da tarihin da mai nasara ya rubuta, da dangin da ake haifa a gida a mai da su barori. Wasu sun ɗauka Yeine baƙar fata ce irin ta Afirka, alhali siffar mutanen Darr, masu jan fata da miƙaƙƙen gashi, ta fi kama da ta 'yan asalin nahiyar Amurka. A 2010 marubuciyar ta fito ta nemi kada a ajiye littafinta a sashen adabin baƙaƙen Amurka a kantuna da ɗakunan karatu, domin hakan na raba shi da masu neman labarin al'ajabi.

Darr ɗin ma ba a wanke ta ba. Mata ke danne maza a can, kuma al'adar shigar 'ya mace cikin manya ta ƙunshi kokawa da namiji a bainar jama'a, wadda ke ƙarewa da fyaɗe in ta sha kaye. Wasu na ganin wannan gaskiya ce, cewa zalunci ba na jinsi ɗaya ko launi ɗaya ba ne. Wasu na ganin an ambaci abu mai nauyi an wuce shi da sauri.

A fagen kyaututtuka, littafin ya ci Locus ta littafin farko a 2011, ya kuma shiga jerin ƙarshe na Hugo da Nebula da World Fantasy. Wannan ta ƙarshen Nnedi Okorafor ce ta ɗauke ta a shekarar, marubuciyar da iyayenta 'yan Najeriya ne.

## Abin da mai saye da iyaye ya kamata su sani

Littafin na manya ne. Akwai saduwa a fili, da azabtarwa, da alloli 'yan'uwa da ke auratayya tsakaninsu, kuma Nahadoth yakan kasance namiji yakan kasance mace. Shekarun jarumar kan sa a zaci na matasa ne, har a saya wa ɗan sakandare, kuma kuskuren da aka fi yi ke nan.

Ga mai karatu Musulmi ko Kirista akwai batun addini, kuma gara a faɗe shi yadda yake. Babu wani addini na gaske da aka ambata. Amma addinin da ke mulki a labarin na kaɗaita Itempas ne, an haramta bautar sauran, ana kashe masu yi, kuma labarin ya nuna an gina shi a kan ƙarya. Wasu na ɗaukar wannan suka ce ga yadda dauloli ke fakewa da addini, wasu na jin ya wuce nan. Masu kallon irin wannan rubutu a matsayin tatsuniya za su wuce, waɗanda ba sa son labarin alloli ko da na ƙage ne ba za su sami abin da zai sauya musu ra'ayi ba.

Wajen saye ana samun ruɗani da suna. Jerin littattafan ana kiransa Inheritance, kuma akwai wani jeri mai irin wannan suna na Christopher Paolini, na dodanni masu fuka-fuki, wanda ba su haɗa komai ba. A duba sunan marubuci. Akwai bugu na 2014 da ya haɗa littattafan uku da ƙarin wani gajeren labari a kundi ɗaya. A ƙarshen littafin farko akwai jerin ma'anar sunaye, yana taimakawa in sunayen sun fara cakuɗewa.

Wanda ya zo daga littattafanta da suka ci Hugo a 2016 da 2017 da 2018 zai tarar da wannan ya fi su sauƙi da ƙanƙanta, soyayya kuma ta fi yawa. Labarin Yeine ya kammala a littafin farko, ba dole sai an ci gaba ba. Na biyu, The Broken Kingdoms, wanda ya fito a ƙarshen 2010, ya sauko daga fada zuwa cikin gari bayan shekara 10, inda wata makauniya mai zane, Oree Shoth, ta tsinci Itempas a halin da aka yanke masa. Masu ƙorafin cewa ba su ga talakawan masarautun ba, a can za su same su. Na uku, The Kingdom of Gods, ya fito a 2011.